Tiren da Aka Cinye a Bakin Teku

Masu cewa na cika zafin rai, ku matso ku ji abin da aka yi min ranar Lahadin da ta wuce, sannan ku faɗa min wace ce a cikinku za ta iya haɗiye shi ta yi murmushi. Ni dai har yanzu in na tuna sai in ji wuyana ya ɗau zafi.

Ga wadda yau ta fara karanta ni, sunana Porzia. A tsohon garin Bari aka haife ni, a lungun da mata ke baje tebur a ƙofar gida suna murza taliyar kunne, wato mai siffar ɗan kunne, da ɗan yatsa. Mamata na cikinsu. Aikin jinya ne ya kai ni Milano, a Arewacin ƙasarmu, can kuma na haɗu da Edoardo, dogo, mai gyararren gemu, mai bakin da in ya fara zuba sai ki manta faɗan da kika zo yi masa. Mun daɗe tare, amma Mama ba ta taɓa ganinsa ba sai a waya. Gwaggo Sabina kuwa, yayar Baba, ba ta da aiki sai tuna min cewa samarin Arewa sai su shekara goma da yarinya, in ta yi maganar aure su sayo mata kare. Duk zuwan da zan yi gida sai an jera min sunayen ƙannen bayana da suka yi aure, har da masu goyo.

A wajenmu namiji ba ya zama saurayin 'yar gida don kawai ya ce yana so. Ranar Lahadi zai zo da rana tsaka, ya ratsa lungu a ƙafa kowa na kallonsa, riƙe da tiren kayan zaƙi a naɗe cikin takarda, an ɗaure da zaren ado. Ya miƙa wa uwar yarinya a hannunta. In ta karɓa, ya shiga gida ke nan. Haka Baba ya yi, haka mijin Gwaggo ya yi. Na yi wa Edoardo wannan bayani har bakina ya gaji, ya yi ta dariya yana cewa abin ya burge shi, in kwantar da hankalina. Da ya sa rana, ni na riga shi tahowa don in taya Mama aiki.

Ku zo ku ga gidanmu. Mama ta fito da farantan aurenta da ba a taɓa su sai Kirsimeti. Ta naɗe naman doki da tafarnuwa da cuku, ta soke da tsinke, ta jefa a miyar tumatir da za ta yini tana ɓararraka a ƙaramar wuta. Baba ya je aski ba tare da an yi masa magana ba. A kan kabad ɗin falo Mama ta shimfiɗa farin ƙyalle mai saƙar hannu, ta kwashe hotuna daga wurin, ta bar shi fili. Babu wanda ya tambayi na mene ne. Kayan zaƙi kuwa ko ɗaya ba ta yi ba, domin yin su tamkar cewa ne ba ta yarda zai kawo ba.

Ranar Asabar da yamma saƙonsa ya shigo: "Albishirinki. Ludovica da Damiano za su rako ni, ba su taɓa ganin Bari ba. Ki ɗan zaga da mu da safe mu ɗanɗani garinku kafin mu je wajen Mama." Ya liƙa hoton zuciya har uku.

Na karanta na sake karantawa. Mutum zai zo gaban iyayena karon farko, shi ne ya haɗo 'yan yawon buɗe ido? Ludovica abokiyar aikinsa ce, wadda ba ta kai loma baki sai wayarta ta fara gani. Damiano kuwa abokinsa ne tun makaranta, malamin lissafi, mutumin da sai kin yi da gaske za ki ji muryarsa. Abin da na sani game da shi ɗaya ne: ranar da Edoardo ya manta bai zo ɗaukata daga asibiti ba ana tafka ruwa, shi ya zo da lema, ya raka ni har ƙofar gida. Na faɗa wa Mama batun baƙin. Ta ce a ƙara faranti biyu.

Da safe na sa koriyar rigata mai ƙananan maɓallai, da 'yan kunnen kakata, da takalmi maras tsini saboda santsin duwatsun lungunanmu. Na tarye su a tashar jirgin ƙasa. Tun kafin mu gama gaisawa na ja musu kunne cewa abincin rana na jiranmu, kuma teburin Mama ba wurin wasa ba ne, don haka ɗanɗano kawai za a yi. Edoardo ya dafa ƙirji ya ce cikinsa ba shi da ƙasa.

A gidan burodin da ke bayan cocin San Nikola na ce a sayi fokacca, burodin nan namu mai faɗi, guda a raba. Sai ga Edoardo ya fito da faifai guda guda ga kowa, da zafinsa, man zaitun na tsiyaya ta takarda, tumatir ya ƙone gefe-gefe yadda ya kamata. Laifin garinmu ke nan, ba ya yin abu maras daɗi. Ludovica ta ɗaga waya tana cewa mabiyanta ga su a Kudu, sun samu 'yar gari tana yi musu jagora. Na jira Edoardo ya gyara mata zance. Sai ya leƙa cikin wayar da baki cike ya ce ai jagorar tasu babu irinta. Jagora! Na haɗiye. Damiano ya gutsiri gefen nasa ya naɗe sauran, da na dube shi ya ce yana ajiye ciki ne.

Daga nan muka gangara tsohuwar tashar masunta, inda ake buga dorinar teku mai hannuwa takwas a kan dutse har ta yi laushi a ci ta ɗanya. Kawu Vitangelo, abokin Baba na ƙuruciya, yana zaune yana fasa bushiyar teku da almakashi. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi mazan biyu.

"'Yar Onofrio, wanne ne mai tiren?"

Kunya ta rufe ni. Ashe zancen har ya iso bakin ruwa. Na nuna Edoardo da haɓa. Kawu ya auna shi sama da ƙasa, ya ce masa ya yi hankali da cikinsa, tukunyar Addolorata ba ta yafe wa kowa. Addolorata ita ce Mama. Edoardo ya tuntsire da dariya, ya sa aka cika masa faranti, ya riƙa lakatar cikin bushiyar da burodi yana lumshe ido. Bayan nan ga soyayyen tuwon masara wajen wata tsohuwa a bakin coci, ga fanzarotti, soyayyen ƙullin fulawa mai cuku a ciki da ke ƙona harshe. Duk inda hanci ya ja su sai sun tsaya. Suka shiga coci minti kaɗan suka fito, suka yi hoto a gaban ganuwar fada, suka koma kan ci. Ni kuwa ba abin da nake kallo sai hannun Edoardo da agogon wayata.

Da na ga rana na ɗagawa na ja shi gefe na ce masa tiren fa. Ya bugi goshi, ya shige shagon kayan zaƙin da na nuna masa. Ta gilashi na ga yana nuna wannan yana nuna wancan, har da sforkamus, wannan mai ɓawo-ɓawo da madara a ciki da garin sukari a sama, wanda Mama ke mutuwar so. Ya fito da ƙaton tire a naɗe cikin farar takarda, zare mai ruwan zinariya ya zagaye shi an murɗe bakinsa. Ba zan yi muku ƙarya ba, a take na yafe masa komai, har da jagorar. Zuciyata ta yi fari tas. Na rubuta wa Mama: "Ya saya." Ta amso da "To." Na san kafin wannan "To" ɗin ya huce Gwaggo Sabina ta kai labari ƙarshen lungu.

Ludovica ta ce sai sun hau ganuwar gari sun ga teku kafin a tafi. Muka hau. Muna can Mama ta kira tana tambaya ko ta zuba taliya a ruwa. Iska ta hana ni jin ta, sai na sauka 'yan matakala na raɓe a wata kusurwa. Ta tambaye ni ko yana cin yaji, ko yana son gefen taga, ko rigar da ta sa ba ta yi duhu da yawa ba. Mamata, wadda ba ta taɓa tambayar kowa ra'ayi kan rigarta ba. Na ce ta zuba, ga mu nan.

Na hawo na tarar da tiren a buɗe a kan ganuwa.

Takarda a yage, zaren a ƙasa iska na wasa da shi. Ludovica na ɗaukar Edoardo yana gatsa, garin sukari na tashi ya bi masa gemu. Layi guda ya riga ya tafi. Damiano na tsaye can nesa, hannu a aljihu, fuska a murtuke.

Na ƙaraso na tsaya a kan tiren. Edoardo ya ce mai shagon da kanta ta ce sforkamus da ɗuminsa ake ci, in ya huce an yi asararsa. Ya ce a jera sauran a matse su, wa zai sani.

"Mama za ta sani," na ce. "Lungu gaba ɗaya zai sani. Ragowar da kuka ci za ka kai wa uwata?"

"Haba Porzia, kek ne fa."

"Na faɗa maka kada ka buɗe," Damiano ya ce, bai ko ɗago kai ba.

Na kwasa da gudu zuwa shagon, rigata na harɗe min ƙafa. An ja ƙofar ƙarfe an rufe. Na gaba ma haka. Ranar Lahadi da rana duk mai hankali yana teburin uwarsa, wa zai tsaya jiran sakarai? Na dawo ina haki, sai na ji Edoardo na cewa tunda dai ba za a kai ba, bai kamata a bar shi ya lalace ba. Ya ɗauki wani ya kai baki. A gabana. Ya ce in ban damu ba zai aiko wa Mama furanni ta waya ranar Litinin, manya, waɗanda suka fi tire tsada. Na durƙusa na tsince zaren na cusa a jaka, ban san ma dalili ba.

Ban taɓa sanin lungunmu na da tsawo ba sai ran nan. Mata na ƙofa, wasu a taga, har da waɗanda ban taɓa gani sun bar tukunya a wannan lokaci ba. Babu mai kallon fuskarsa, hannunsa kowa ke kallo, shi kuwa sai kaɗa su yake yana ɗaga wa mutane kamar ɗan takara. Na sunkuyar da kai ina bin duwatsu da ido.

Mama na tsaye a bakin ƙofa cikin shuɗiyar rigarta ta zuwa coci. Ta cire rigar girki, abin da ba ta yi ko limamin coci ne ya zo. Hannayenta har sun ɗan miƙo. Edoardo ya rungume ta ya sumbaci iska gefen kumatunta, ya kira ta da sunanta gatsal kamar sa'arsa. Ta dubi hannunsa na dama, ta dubi na hagu, sannan ta tsayar da ido a gemunsa.

"Goge bakinka, ɗana," ta ce a hankali. "Da alama ya yi daɗi."

Ta mayar da hannayenta ta harɗe. Ludovica, da ba ta gane komai ba, ta roƙe ta ta mayar da rigar girki ta ɗan murza taliya a ɗauke ta, wai mabiyanta na son irin waɗannan tsofaffi. Mama ta ce abinci na hucewa, ta juya ciki.

Aka zuba taliyar kunne cikin farantan aure, jar miya ta kwanta a kowane ɗan rami. Edoardo ya yi loma biyu ya ajiye cokali, ya shafa ciki, ya ce wallahi ko numfashi da ƙyar yake yi, garinmu ya gama da shi tun safe. Wai yabo ke nan. Da aka kawo nama Ludovica ta tambayi na mene ne, Baba ya ce doki, ta ture farantin da ɗan yatsa ta ce ita tana hawansu ne. Na ga jijiyar wuyan Baba ta motsa a cikin sabuwar kwalarsa. Damiano ne kaɗai ya sunkuya ya ci, aka ƙara masa ya karɓa, ya sa burodi ya suɗe farantin har ya yi ƙyalli. Ya tambayi Mama ko da fatar cuku take dafa miyar, ta dube shi karon farko ta ce eh.

Gwaggo Sabina ba ta iya barin magana a ciki. Ta ajiye kofi ta ce, "To ɗan Milano, kai da 'yarmu, ina aka kwana?"

Ya yi wannan murmushin da na daɗe ina mutuwa a kansa. Ya ce su a can ba sa gaggawar sa wa abu suna, muna jin daɗin juna, kuma ai shi ne muhimmi. Baba ya sa hannu ya ɓalle maɓallin kwalarsa, ya tashi ya koma bakin taga.

Lokacin kayan zaƙi ya yi. Kowa ya san ya yi, domin shiru ya sauka, idon Gwaggo kuma ya tafi kan farin ƙyallen da ke kan kabad. Mama ta shiga kicin ta fito da lemo da ɗanyen ganye a kwano, tana ba baƙi haƙuri wai yau ba ta samu sukunin yin wani abu ba. Uwata ce ke ba da haƙuri. A nan abin ya tsinke min. Na buɗe jaka na zaro zaren, na miƙe na shimfiɗa shi a tsakiyar ƙyallen.

"Ga abin da ya kawo miki, Mama. Sauran yana cikinsa."

Na juya na ce wa Edoardo akwai jirgin yamma, in ya tashi yanzu ba zai rasa shi ba. Ya buɗe baki, na ce ya adana, yau ba na saye. Suka fita, Ludovica na gaba, wayarta a jaka karon farko tun safe. Damiano ya tsaya ya yi wa Mama godiya, ya miƙa wa Baba hannu, sannan ya bi su.

Ina wanke farantai saƙonni suka fara shigowa. "Kin kunyata ni gaban abokaina." Can kuma: "Duk wannan a kan kek?" Can kuma: "In kin huce ki kira ni." Ni ce ma zan huce in kira. Na kifa wayar a kan firji, hawaye na zuba cikin ruwan kumfa, na haushi ne ba na soyayya ba, ko kuma duka biyun, ban sani ba. Na jira Mama ta ce ai ta faɗa min. Da ta faɗa da na samu abokin faɗa. Sai ta karɓi faranti daga hannuna tana gogewa, ta riga ta mayar da rigar girkinta.

"Ba tiren ne ya dame ni ba," ta ce. "Na ga yadda kika shigo lungun nan kanki a ƙasa. Ban haife ki don haka ba."

Na kifa kaina a kafaɗarta na yi kukan da rabona da shi tun ina 'yar makaranta.

Da la'asar sakaliya mata suka fito da kujeru kamar kullum, ina jin surutunsu ta taga, na kuma san da wa ake yi. Sai surutun ya ɗauke ɗif. Gwaggo Sabina ta leƙo ta ce in fito, da wata murya da ban san ta da ita ba. Na ɗauka Edoardo ne ya tuna cewa shaguna na sake buɗewa da yamma, har na fara shirya abin da zan faɗa masa.

Damiano ne. Shi kaɗai, yana tafe a tsakiyar lungu a hankali, ya ɓalle rigarsa har wuya, riƙe da tire da hannu biyu, zaren zinariya na lilo. Kunnuwansa sun yi ja wur.

Na tare shi kafin ya iso ƙofa, na yi ƙasa da murya. Na ce in haƙuri ya zo bayarwa a madadin abokinsa ya juya tun da wuri, bai san ma'anar abin da yake yi a gaban mutanen nan ba, kuma ni ba kaya ba ce da wani zai ajiye wani ya ɗauka.

"Edoardo na cikin jirgi, ba shi ya aiko ni ba," ya ce. "Kakata 'yar Lecce ce, nan Kudu irinku, a hannunta na girma. Na san abin da na ɗauko. In kin ce in juya, zan juya."

Na buɗe baki in ce ya juya. Allah ya sani na buɗe. Sai na tuna lemar nan, da fokaccar da ya naɗe tun safe, na mayar da bakina na rufe. Ban san wa zan fara rufewa da faɗa ba, shi, ko matan da suka miƙe tsaye a kan ƙofofinsu, ko ni kaina.

Ta bayana na ji motsi. Na waiga, sai ga Mama tana kwance igiyar rigar girkinta, ta miƙa wa Gwaggo.

"Matsa, Porzia," ta ce. "Kin tare hanya."